Kafin ka haƙa sokawe a Sakkwato, tona ƙaramin rami tukuna

Da an shiga tsakiyar Agusta wayata ba ta hutawa. Wannan masai ya ƙi wucewa, wancan tsakar gida ta jiƙe da ruwa mai ɗoyi, wata kuma rijiyarta ce ta sauya ɗanɗano. Sana'ata shuka ciyawar ado a gidaje da makarantu da gyaran hanyar ruwan ƙazanta, kuma kimiyyar ƙasa na karanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo har digiri na biyu. Akan tambaye ni me ya haɗa ciyawa da sokawe. Ƙasa ce ta haɗa su, kuma in an yi aikin daidai ɗaya a saman ɗaya suke zama.

Abin da ya jefa ni cikin aikin sokawe a gidan Gwaggona ya faru, a wata unguwa da ke gangarawa wajen fadama. An haƙa mata rami a watan Afrilu, mai zurfin kusan mita 5, busasshe ƙarau, magini ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A ƙarshen Agusta ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗana, zo ka gane min rijiyag ga, ruwan ga sun ɓaci." Jikokinta biyu suna kwance da gudawa. Na auna da ƙafa, taku 9 ne tsakanin ramin da rijiyar da ake sha. Na ɗaga murfin ramin, na tarar ruwan ƙasa ya taso ya cika shi fiye da rabi. Wato abin da ke fita daga masai kai tsaye yake gauraya da ruwan da rijiya ke ja. Yaran sun warke, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar ban yarda a sa diga a ƙasa ba sai an yi gwajin da zan bayyana.

Mu fara raba abu biyu da mukan haɗa mu kira sokawe. Akwai tanki, ɗaki ne rufaffe da bai kamata ya zubar da ko ɗigo ba. A cikinsa mai nauyi yakan nutse ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, ƙwayoyin bakteriya da ba sa bukatar iska su yi ta cin lakar suna rage ta. Ruwan tsakiya shi ke fita zuwa abu na biyu, ramin tsotsewa. Wannan ruwan ko da ya yi kama da tatacce, cike yake da ƙwayoyin kwalara da taifot da sauran cututtukan ciki idan akwai mai ɗauke da su a gidan. Mai tsabtace shi ita ce ƙasa, kuma sai busasshiyar ƙasa mai iska a cikinta, wadda ruwan zai ratsa a hankali. Idan ƙasar ta riga ta cika da ruwa, ko ruwan ya wuce ta da gudu, babu tacewar da aka yi.

Saboda haka aiki na farko shi ne sanin inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Kada rani ya ruɗe ka. Ruwan samanmu daga Yuni zuwa Satumba yake zuba, kuma a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ruwan ƙasa ke kai maƙurarsa. A lokacin ka ɗaura dutse a igiya ka zura a rijiyar maƙwabta, ka auna daga bakin ƙasa zuwa kan ruwa. In ba damina ba ce, nemi tsofaffin masu haƙar rijiya na unguwar, sun san ƙasar kamar tafin hannunsu. Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla mita 1.5 na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da kan ruwan. Idan ruwan damina yana tsayawa a mita 6, raminka kada ya wuce 4.5. Idan a mita 3 yake, kamar yadda ake samu a gefen fadamar Rima, manta da rami mai zurfi gaba ɗaya, za mu zo kan abin da ake yi a madadinsa. Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ya san yadda ruwa ke mallake wannan kwari idan ya tashi.

Sai gwajin shan ruwa, wanda kuɗinsa bai wuce na ruwa jarka huɗu da ladan lebura na yini ɗaya ba. A wurin da kake son ramin, a tona har kusa da zurfin da ruwan zai riƙa shiga ƙasa, sannan a gindin a yi ƙaramin rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 30. A karce bangonsa da ƙusa don shebur kan goge laka ta yi santsi ta toshe ƙofofinta. A zuba tsakuwa kamar kaurin yatsa uku a ƙasa. A cika shi da ruwa, ana ƙarawa duk sanda ya ja, har tsawon awa 4 aƙalla, ni na fi son a bar shi ya kwana. Wannan jiƙon shi ne zuciyar gwajin. Lakar fadama da rani takan tsattsage, ka zuba bokiti ta shanye nan take ka ce ka samu ƙasa mai kyau, alhali da ta jiƙa za ta kumbura ta rufe kamar tukunya. Da safe ka sake zuba ruwa ya kai santimita 15 a kan tsakuwar, ka kafa sanda mai alama, ka duba agogo: minti nawa ruwan ke ɗauka kafin ya sauka santimita 2.5, wato inci ɗaya? Maimaita sau uku, kuma a ramuka uku daban-daban, don fili ɗaya kan zo da ƙasa iri biyu.

Idan ya ɗauki tsakanin minti 5 zuwa 30, ka yi sa'a. Daga 30 zuwa 60 za ta yi, amma sai an faɗaɗa wurin tsotsewar sosai. Ya haura awa ɗaya, laka ce, rami zai cika ya dawo maka tsakar gida. Abin da mutane ba sa tsoro, ni kuma na fi tsoronsa, shi ne ruwan da ke ɓacewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Magina na murna da irin wannan wuri, su ce ramin ba zai taɓa cika ba. Gaskiya ne ba zai cika ba, domin yana juye ƙazantar ne ɗanya cikin ruwan ƙasa. Ana samun haka a tsagwaron yashi, ana kuma samu inda aka ci karo da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Dutsen nan yana shimfiɗe a ƙarƙashin wurare da dama na kewayen birni, yana da tsagogi, kuma rijiyoyi marasa zurfi da yawa daga cikinsa suke samun ruwa. In kun tarar da shi, a tsaya, a mayar da yashi mai laushi gauraye da ƙasar noma kamar kaurin santimita 60 a gindi da gefe, ya zama matata.

Maganar nisa ita ce mai wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Abin da masana lafiya suka tsayar shi ne mita 30 tsakanin ramin tsotsewa da duk rijiyar da ake sha. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da 100, wato kusan mita 15 da 30, wasu ma rabin haka. Ka ga ke nan gida ɗaya da kyar zai ɗauki rijiya da rami, balle a ƙirga na maƙwabci da ke bayan katanga. Shi ya sa nake cewa kafin ka kira magini ka yi sallama da maƙwabtanka na kowane ɓangare, ka tambayi inda rijiyarsu take da inda raminsu yake. Na ga layin da suka yi shawara duk ramuka suka koma bakin titi, rijiyoyi suka koma can baya, kowa ya amfana. Ramin ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Idan duk dabara ta ƙare nisan bai samu ba, zaɓi biyu ne: ko a yi babban tanki rufaffe da babu mafita a riƙa kiran tanka tana kwashewa, ko a daina shan ruwan rijiyar sai an tafasa ko an sa masa sinadarin kulorin. Haƙƙin maƙwabci ne wannan, ba ƙaramin abu ba. Daga ginin gida kuwa nakan bar mita 3 zuwa tanki, mita 5 zuwa rami, don danshi kada ya ci harsashin gini.

Girman tanki da lissafi ake fitar da shi. Ɗauki gida mai mutum 10, kowa yana sakin kamar lita 80 a rana tsakanin wanka, masai da wanke-wanke. Lita 800 ke nan. Ana son ruwa ya kwana uku a ciki kafin ya fita, ya zama 2,400. Lakar da mutum ɗaya ke tarawa a shekara kusan lita 40 ce, mutum 10 a shekara 3 sun tara 1,200. Jimla 3,600. Tanki mai tsawon mita 2.5, faɗin 1.2, zurfin ruwa 1.3 zai ɗauki lita 3,900, ya wadatar. Sai dai ka ƙirga gidanka yadda yake da gaske. Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi, ga suna, ga biki, ga 'yan'uwa daga ƙauye da suka zo asibiti. Idan ku 10 ne, gina na 14.

Wajen gini ka tsaya da kanka. Daɓen ƙasa kankare ne mai kaurin santimita 15 da rodi a ciki. Bango bulo inci 9, a cika ramukansa da kankare, a yi filasta ciki sau biyu. A raba tankin gida biyu, na farko kashi biyu cikin uku, na biyu kashi ɗaya, a bar ƙofa a tsakiyar tsayin bangon rabon don ruwan tsakiya kaɗai ya ƙetare. Bututun shiga da na fita kowanne a sa masa haɗi mai siffar T da ƙafarsa ta nutse cikin ruwa, shi ke hana maiƙo bin ruwa ya je ya toshe ramin tsotsewa. Wannan ɗan haɗin shi aka fi mantawa, kuma rashinsa ne ya kashe yawancin ramukan da nake tonewa. Na fita ya yi ƙasa da na shiga da kamar santimita 7. A bar sararin santimita 30 tsakanin ruwa da rufi, a fitar da bututun iska ya haura rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda. Murfi biyu, kowane ɗaki da nasa. Bututun da ya taso daga masai inci 4 ne, yana sauka santimita 2 a kowace mita. Ya fi haka tsaye ruwa ya gudu ya bar kaya, ya fi haka kwanciya komai ya tsaya. Kafin a rufe, a cika tankin da ruwa a yi alama a bari ya kwana. In ya ragu, yana yoyo, a sake filasta. Ruwan indararo kuma kada ya kusanci tankin ko da wasa, ruwan sama guda ɗaya mai ƙarfi zai tayar da lakar ya kora ta cikin rami.

Ramin tsotsewa ba a yi masa daɓe. Bulo ake jerawa da tazara a tsakani, a cika bayansu da tsakuwa. Inda ruwan ƙasa ke kusa ko ƙasar ba ta sha da sauri, sai a yi kwalbatoci a kwance maimakon rami a tsaye: faɗin santimita 60, zurfin 60 zuwa 90, a shimfiɗa tsakuwa kaurin 30, a ɗora bututu mai huje-huje, a ƙara tsakuwa, a rufe da buhu don ƙasa kada ta zube ciki, sannan ƙasar noma a kai. Ni wannan na fi so ko'ina fili ya ba da dama, don ƙasar sama ta fi iska da rai, ta fi iya tacewa. Kuma a nan ne ciyawa ke shigowa.

Filin da aka binne bututun nan bai son siminti, bai son mota, bai son a bar shi tsirara iskar hunturu da ruwan damina su kwashe ƙasarsa. Ciyawa ce maganinsa. Saiwarta na riƙe ƙasa, tana zuƙe wani kaso na ruwan, tana cin sinadaran taki da ke cikinsa kafin su gangara ƙasa. Wadda nake shukawa ita ce kirikiri, wannan mai yaɗo da manoman fadama ke yaƙi da ita a bakin lambu. Ita ce dai Turawa ke kira Bamuda suke shimfiɗawa a filayen ƙwallo. Tana jure zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40, tana jure taku, kuma kyauta za ka samo ta a gefen magudanan lambu wajen Kwalkwalawa in ka roƙi mai gona, har godiya zai yi maka. Sharaɗinta ɗaya, rana. Wurin da bai samun awa 6 na rana ba za ta yi kauri ba.

Lokacin shuka ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, da ruwa ya zauna. Gauraya ƙasar sama da takin shanu da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki na kawo gara da irin ciyayin da dabba ta ci. Yanka yaɗon guntu-guntu, kowanne da gaɓa uku ko huɗu, ka binne biyu ka bar ɗaya a waje, tazarar taki ɗaya na hannu tsakaninsu, ka danne da ƙafa. Sati biyun farko kada ƙasar ta bushe. Cikin sati 6 zuwa 8 za ta rufe. A wannan tsakanin ka bi ƙarangiya da hannu kafin ta yi 'ya'ya, aya-aya kuma a tono ta da ƙwayarta, in ka tsinke ganye kawai gobe ta dawo. Ka killace wurin da ƙaya ko waya saboda awaki. Wajen yanka, tsayin santimita 3 zuwa 4 ya yi, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka ɗaya, in ba haka ba sai ta yi fari ta bar wa ciyayi fili. Da hunturu za ta dushe ta rage girma, barci take yi, kada ka ɗura mata yuriya. Da bazara ban-ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, don yana sa saiwa ta nutsa. Ruwan alwala ya dace da ita ƙwarai, na sha jan bututu daga wurin alwala zuwa ciyawa. Amma a kan layin bututun kansa ka rage ban-ruwa, ƙasar wurin tana da aikin da take yi.

Kada a shuka salak, albasa, karas ko wani abin da ake ci ɗanye a kan filin. Dogonyaro da mangwaro su yi nisan mita 10, saiwarsu na jin danshi daga nesa, ta shiga bututu ta cika shi tamkar gashi. Ciyawar jema tana da amfani a matsayin shinge ta gefen gangare, amma a ja ta baya da mita biyu ko uku, saiwarta na nutsawa ƙwarai.

Ciyawar kuma za ta riƙa ba ka labari. Layi mai ɗan fin sauran kore a kan bututu ba matsala ba ne. Amma in ka ga wuri ɗaya ya yi kore shar yana tsawo fiye da kima, ƙasa na lotsawa in an taka, ga ɗan wari da asuba, to ruwan ya fara tasowa sama, a hana yara wasa a wurin a duba tanki.

Ɗalibai kan tare ni su ce, "Malam, wai har digiri na biyu ake yi a kan ciyawa?" Ana yi, har na uku. A Amurka jami'o'in jihohin Fensilbaniya da Mishigan da Jami'ar Jojiya sun daɗe da shahara a fannin. A garin Tifton na Jojiya aka fitar da irin kirikirin da ake kira Tifway a 1960, wanda har yau ake shimfiɗa shi a filayen wasa na ƙasashe masu zafi. Masanan Mishigan ne suka raya ciyawa ta gaske a cikin rufaffen filin wasa a gasar cin kofin duniya ta 1994, wadda Nijeriya ta fara halarta. A Katar a 2022 wata ciyawa mai jure gishiri aka yi amfani da ita. Mai son bin hanyar ya fara da digiri a kimiyyar ƙasa ko ta amfanin gona ko injiniyancin noma, ya riƙe darussan ban-ruwa, cututtukan tsirrai da ƙididdiga da kyau. Idan waje yake nufi, ya nemi malamin da ke bincike a kan ciyawar ƙasashe masu zafi ya rubuta masa kai tsaye, don a can galibi malami ne ke ɗaukar ɗalibi ya biya masa karatu daga kuɗin bincikensa. Amma ni shawarata a fara a gida. Tara kirikiri daga Goronyo, Wurno, Wamakko da Kware, ka shuka su jere, ka auna wacce ta fi jure ƙishi a Afrilu, wacce ta fi yi a kan ruwan tanki. Wanda ya je wa kowane malami da irin wannan sakamako a hannu, ya je da abin da ba su da shi.

Sauran aikin kulawa ne. Sau ɗaya a shekara naɗa farin tsumma a doguwar sanda ka zura har ƙasan ɗakin farko, ka bar ta minti biyu ka zaro. Inda baƙi ya tsaya nan laka ta kai. Ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa, kira tanka. Yawanci shekara 3 zuwa 5 ke nan. A bar ɗan laka a ƙasa ya zama iri, kuma ka tambayi direban inda zai zubar, kada ya kai mana gulbi. Kalanzir, baƙin mai, fenti da tulin sinadarin wanke masai suna kashe ƙwayoyin da ke maka aiki. Leda, famfas da audugar mata ba sa ruɓewa. Abu na ƙarshe ina roƙo da babbar murya: kada kowa ya shiga tanki, ko an kwashe shi, ko waya ce ta faɗa. Iskar ciki na sumar da mutum kafin ya yi ihu, mai shiga ceto shi ma ya bi shi, kuma tana kama wuta, don haka ba ashana ba sigari a bakin murfi.

A gidan Gwaggo mun cike tsohon ramin da yashi da marmara, muka gyara tankin, muka ja kwalbatoci biyu marasa zurfi ta bayan gida inda maƙwabcinta ya yarda su bi gefen katangarsa. Nisan da muka samu daga rijiya mita 24 ne, bai kai ba, saboda haka ruwan rijiyar ya koma na wanki da ban-ruwa, na sha kuma daga famfo ake ɗebowa. Kirikirin da muka shuka a Yulin da ya biyo baya ya rufe kafin kaka. Ranar Juma'ar farko ta kowane Satumba nakan biya da igiyata da sandata in auna rijiyar da tankin, bara ruwan ƙasa ya tsaya a mita 2.8.